Shawarwari Kan Saita Wutar Inji Don Mota Ta Rage Shan Mai

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin gidaje da yawa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a garuruwa da dama. Yanzu mai gida na tuƙi ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan allurar mai. Idan kuwa ya kai kukansa gareji, amsar da aka fi saurin ba shi ita ce, "Alhaji, bari a ɗan taɓa mata taimin." Wani lokacin can ɗin ne matsalar take. Sau da yawa kuma taɓawar ce ke zama gyaran gangar Auzinawa. Saitin wuta abu ne mai lamba, kamfanin da ya ƙera injin ya riga ya rubuta ta, kuma ribar mai tana wajen mayar da injin kan lambar nan.

1. Ka fara sanin abin da ake saitawa. A cikin kowace silinda fistin yana hawa sama yana matse iska da fetur, filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ƙarfinta ya danna fistin ƙasa. Sai dai cakuɗin ba ya ƙonewa nan take. Wutar tana tashi ne daga bakin filogi ta bazu, kuma bazuwar tana cin lokaci, ko da bai kai ƙiftawar ido ba. Don haka dole tartsatsin ya riga fistin isa ƙololuwa, yadda ƙarfin wutar zai cika bayan fistin ya ɗan juyo, wajen digiri 15 bayan ƙololuwar. Wannan rigayen shi ne taimin, kuma da digirin juyawar karanshaf ake auna shi. A yawancin injina, idan mota na tsaye tana silo, yana tsakanin digiri 5 zuwa 15. Da inji ya ɗau gudu sai ya wuce 30, domin fistin ya ƙara sauri alhali wutar ba ta ƙara sauri daidai da shi ba.

Duk wanda ya taɓa kallon mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya gane zancen: taɓaryar da ta sauko da wuri karo za ta yi da 'yar'uwarta, wadda ta makara kuma bugunta ya tafi a banza, an gaji hatsi bai daku ba. A farkon zamanin mota direba ne ma yake wannan aiki da hannunsa. Ford Model T da aka fara sayarwa a 1908 tana da wani ɗan mariƙi a gindin sitiyari, da shi ake ja da wutar gaba ko baya ana cikin tafiya.

2. Kafin a kwance ko noti ɗaya, ka auna shan man motarka. Kowa na cewa motarsa na shan mai, amma ka tambaye shi kilomita nawa take yi da lita ɗaya sai ya ce, "Na dubu goma dai ba ya kai ni Juma'a." Naira ba ma'auni ba ce, tunda farashin lita bai tsaya wuri ɗaya ba. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar kilomitar da ke kan mita. Ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, kai yara makaranta, kasuwa, wurin aiki. Bayan kwanaki ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan, ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga: kilomita 300 da lita 30 na nufin kilomita 10 a kowace lita. Cika tanki yana da nauyi a aljihu a wannan zamani, amma sau ɗaya ne ake jin nauyin, kuma man naka ne, ba zubarwa ka yi ba. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun mota, uwargida ma ta riƙa rubutawa idan ita ta sha man. Ba tare da wannan lamba ba, duk abin da aka yi wa motar sai dai ka ce kana jin kamar ta gyaru.

3. Ka buɗe bonet ka ga irin motar da kake da ita. Idan ka ga wayoyi masu kauri sun fito daga filogogi sun taru a kan wani abu mai hula a gefen inji, motarka mai distirbuta ce, kuma galibi ana iya saita wutarta da hannu. Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, Golf 2 da yawancin Golf 3, Corolla da Camry na farkon shekarun 1990, da Honda Accord mai silinda huɗu har zuwa ƙirar 2002, duk suna cikin wannan sahu. Idan kuwa kowane filogi da kwayil ɗinsa a kansa, kamar Accord ta 2003 zuwa sama ko Corolla ta wannan zamanin, to babu abin murɗawa. Ƙwaƙwalwar motar ce ke yanke lokacin wuta sau dubbai a minti ɗaya. Duk wanda ya ce ya saita maka taimin irin wannan mota da sifana, ka tambaye shi notin da ya murɗa. Injin dizal kuma ba shi da filogin tartsatsi ko kaɗan, nasa zancen na lokacin fesa mai ne.

4. Ka san alamomin ɓangarorin biyu. Idan wuta ta yi baya, mota takan yi nauyi, ka taka totur ta ƙi tashi, sai ka ƙara takawa, kuma a wannan ƙarin takawar man ke tafiya. Inji yana yawan zafi, salansa na yin zafin da ya wuce kima, domin cakuɗin yana ƙarasa ƙonewa ne a hanyar fita. Idan abin ya yi tsanani, da dare za ka iya ganin bakin salansa daga jikin inji ya yi ja. Idan wuta ta yi gaba da yawa kuma, za ka ji wata siririyar ƙarar ƙarfe, ƙaras-ƙaras-ƙaras, lokacin hawan tudu ko in ka taka a babbar giya. Da safe ko bayan inji ya yi zafi, kik yana iya yin nauyi kamar batir ya yi sanyi alhali lafiyarsa ƙalau. Na farkon aljihu yake ci a hankali. Na biyun yana iya ƙona gasket ko ya huda fistin.

5. Sabis kafin saiti. Ba a saita wuta a kan filogin da ya cinye. A duba filogogi, a auna tazarar bakinsu da ma'auni, yawanci tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1 gwargwadon mota. Filogi na gama-gari yakan kai wajen kilomita 30,000, mai bakin iridiyum kuma wajen 100,000, in ba jabu ba ne, kuma jabun ya yi yawa a kasuwa. A duba wayoyin filogi da hular distirbuta ko ta tsage, a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa tun kafin lokacinta. A tsofaffin motoci masu kontak akwai wani abu da ake mantawa: ɗan dunduniyar da ke buɗe kontak ɗin yana cinyewa a hankali, tazarar tana raguwa, wutar kuma tana komawa baya da kanta ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Shi ya sa ake fara gyara tazarar kontak sannan a zo kan taimin. In aka juya tsarin, aikin banza aka yi.

6. Da fitila ake saitawa, ba da kunne ba. A nan ne na fi saɓa wa yawancin gareji, kuma ba raina gwanintar kowa nake yi ba. Akwai makanikan da kunnensu ke gane bawul ɗin da ke ƙara tun daga bakin ƙofa. Amma a wannan aiki kunne yana yaudara ta hanya ɗaya kullum. Idan mota na silo ka murɗa distirbuta wuta ta yi gaba, inji zai ƙara sauri, muryarsa ta yi daɗi, ya daina karkarwa. Kunne zai ce a nan ne daidai. Alhali injin da ke silo ba ya ɗauke da kaya. Wurin da ya fi daɗin ji a gareji yakan zarce abin da injin zai iya ɗauka idan an loda iyali da buhun masara ana hawan tudu.

Ga yadda aikin yake idan an yi shi da kyau. Inji ya yi zafinsa na aiki, an kashe na'urar sanyi da fitilu, silo yana daidai. A gaban inji akwai fulin karanshaf, a jikinsa akwai ɗan tsagi, a gefensa kuma wani faranti mai lambobi, 0, 5, 10, 15. A wasu motocin Turai alamar tana kan fulawil, ta wata 'yar taga a jikin giya ake leƙa ta. A goge maiƙon wurin, a shafa wa tsagin farin alli. Fitilar taimin tana da wayoyi biyu na batir da wani maƙali da ake maƙalawa a wayar filogi na ɗaya. Duk lokacin da filogin ya ba da wuta fitilar na walƙawa, sai ka ga farin allin kamar ya tsaya cak a kan wata lamba, ko da yake fulin na juyawa. Lambar nan ita ce taimin motarka. In ba ta yi daidai ba, a sassauta notin distirbuta, a juya shi kaɗan, a ɗaure, a sake haskawa, domin ɗaurewar ma tana iya gusar da shi. Kaɗan ɗin nan da gaske nake: distirbuta na juyawa rabin gudun karanshaf, don haka digiri ɗaya a hannunka digiri biyu ne a inji.

Lambar da ake nema tana cikin littafin motar, kuma motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da takarda manne a cikin bonet mai ɗauke da ita har da tazarar filogi. Akwai kuma sharaɗin da ake yawan tsallakewa. A Toyota na shekarun 1990 mai injin 4A-FE ko 5S-FE, sai an haɗa TE1 da E1 da 'yar waya a cikin ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet, sannan a saita a digiri 10. Haɗawar tana hana ƙwaƙwalwa sa hannu yayin da ake aunawa. Honda ma tana da nata soket mai baki biyu da ake haɗawa. A mota mai distirbuta mai tiyon iska, galibi cire tiyon ake yi a toshe shi kafin a haska. A kula kuma da silinda ta ɗaya: a injinan Peugeot daga ɓangaren giya ake fara ƙirga. Tambaya ɗaya ta ishe ka idan an ce an gama: "Oga, a digiri nawa ka same ta, a nawa ka ajiye ta?" Wanda ya yi aikin da fitila ba zai yi inda-inda ba.

7. Ka nemi ɗan tiyon da ke zuwa jikin distirbuta. A motoci masu kafireta, a gefen distirbuta akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da siririn tiyo ke shiga. Idan kana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya ƙafarka ta ɗan taɓa totur kawai, cakuɗin da ke shiga silinda kaɗan ne kuma a hankali yake ƙonewa, don haka yana buƙatar wuta ta ƙara yin gaba. Zuƙar iskar inji ce ke bi ta tiyon nan ta ja wata fatar roba a cikin ƙoƙon, ta ƙara wa wutar digiri 10 ko fiye. Da ka taka sosai zuƙar ta ragu, wutar ta koma. Domin tattalin mai aka yi wannan na'ura, kuma ita ce aka fi wulaƙantawa. Tiyon ya tsage saboda zafi, ko fatar ta huje, sai wani ya cusa ƙusa a bakin tiyon ya ce ba ya aikin komai. A silo kam ba za ka ga bambanci ba, motar ma za ta yi gudu yadda ta saba. A tafiyar Kano zuwa Zariya ne za ka biya.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. A kashe inji, a cire hular distirbuta, a zare tiyon daga ɓangaren kafireta a tsotsa. Farantin da ke cikin distirbuta ya kamata ya motsa. A toshe bakin tiyon da harshe: in farantin ya tsaya a inda yake, fatar lafiya, in ya koma, ta huje, sai a canza ƙoƙon. Tun da hular na buɗe, a kama rota a ɗan murɗa ta a sake. Ya kamata ta juya kaɗan ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, ƙarafan da ke buɗewa da gudun inji sun yi tsatsa sun kafe, kuma wutar tana tsaye wuri ɗaya ko da wane gudu ake yi.

8. Gwajin hanya da rana tsaka ake yi. Iska mai zafi tana sa inji saurin yin ƙaras-ƙaras ɗin nan, kuma a Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu yana wuce digiri 40. Motar da aka gwada da sanyin safiyar Janairu ba ta ci jarrabawa ba tukuna. A sa babbar giya a ƙaramin gudu, a taka sosai, a saurara. In an ji ƙarar, a mayar da wutar baya da digiri 2 a sake gwadawa. Tudu ma yana da tasiri: Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta da nauyi, inji yana jure wutar da ta yi gaba. Motar da aka saita a can har bakin iyaka tana iya fara ƙara da ta gangaro Lafiya. Haka nan man da kake sha. Motocin Turai da yawa an rubuta 95 a murfin tankinsu, wato lambar ingancin man da suke buƙata, na Amurka kuma 87, wanda a ma'aunin Turai ya kama kusan 91. Mai sayen man bumburutu a galan bai san abin da aka gauraya masa ba, don haka ya fi kowa buƙatar barin tazara. Masu cewa a zarce lambar kamfani da digiri 5 ko 6 don a ƙara tsimi, garin neman gira ne za su rasa ido.

9. A motar zamani, ka nemi abin da ke sa ƙwaƙwalwa ja da wuta baya. A jikin injin akwai na'urar da ke sauraren ƙarar nan, da ta ji sai ƙwaƙwalwa ta mayar da wuta baya don ta ceci inji. Mota ba za ta yi ƙara ba, amma za ta yi nauyi ta sha mai, kai kuma ba ka san dalili ba. Mugun mai, zafin inji, da dattin gawayi a kan fistin duk suna jawo haka. Idan na'urar saurarar ce ta mutu ko ɓera ya cinye wayarta, ƙwaƙwalwa takan ja wutar baya gaba ɗaya don kariya. A wasu Toyota masu silinda shida, irin su tsohuwar Sienna da Lexus RX300, har giyar ƙarshe takan hana shiga, mutum ya yi ta kashe kuɗi a kan giya alhali lafiyarta ƙalau.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona kwamfutar gwaji. P0325 na nuna na'urar sauraren ƙara, P0335 ta karanshaf, P0340 ta kamshaf, P0300 kuma filogi na tsallake wuta. Kwamfutar tana iya nuna digirin wutar ma ana cikin tafiya. Kada ka yarda a goge lambar kawai fitilar gargaɗi ta mutu a ce an gyara. Sai kuma al'adar nan ta cire tamostat daga motar da ta shigo, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki, ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumi ba, ta yi ta ƙara masa mai. Ƙananan na'urorin da ake tallatawa a intanet, wai a soka a soket ɗin gwaji mai ya ragu da rabi, ka bar kuɗinka a aljihu.

10. Idan makaniki ya ce "taimin", ka tambaye shi wanne. Akwai na wuta, akwai na bel ko sarƙa mai haɗa karanshaf da kamshaf, wanda ke kula da buɗewar bawul. In bel ya tsallake haƙori ɗaya, murɗa distirbuta zai ɓoye ciwon ne kawai. Duk lokacin da aka canza bel, a sake haska fitila.

11. Babur, adaidaita sahu da janareta nasu a kafe yake. Babu abin murɗawa, akwatin CDI ko kwayil da maganaɗisun fulawil ne ke ba da lokacin. Abin da ke gusar da shi a janareta da injin ban ruwa shi ne wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe fulawil a kan sandarsa. Idan inji ya tsaya da ƙarfi farat ɗaya, ko ba a ɗaure notin fulawil sosai ba, ƙarfen nan yana iya yankewa, fulawil ya ɗan zame. Alamarsa ita ce igiya ta riƙa fizge hannu, ko injin ya riƙa harbi ta salansa, ko ya tashi ba ƙarfi. Kuɗin ƙarfen bai taka kara ya karya ba, amma sau tari sai an wanke kafireta sau uku kafin a tuna da shi. A injin Honda GX160 da ire-irensa da suka cika kasuwa, tazarar filogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, ta bawul ɗin shiga 0.15, ta fita 0.20. A babur kuma, idan CDI ya mutu a sayi irin na ƙirarsa, domin shigar soket ba ta nuna lokacin wutarsu ɗaya ne.

12. Mai niyyar mayar da mota kan gas na CNG, wanda gwamnatin tarayya ta fara yi wa shiri na musamman a 2023, ya sa zancen wuta cikin cinikin tun farko. Gas ɗin ya fi fetur jure matsi nesa ba kusa ba, amma ya fi shi jinkirin kamawa, don haka yana son wuta ta yi gaba fiye da ta fetur. In aka bar ta yadda take, motar za ta yi sanyin jiki a kan gas. In aka murɗa distirbuta don gas, ranar da ka koma fetur za ta yi ta ƙara. Maganin wata 'yar na'ura ce da ake haɗawa da kayan, mai tura wutar gaba idan ana kan gas ta mayar da ita idan an koma fetur. Ka tambayi masu haɗawar ko motarka na buƙatarta, ko tana cikin kuɗin da suka faɗa, da digiri nawa za su saita ta. Gas ya fi fetur wahalar da filogi da kwayil, saboda haka a sa sababbin filogogi a ranar, kuma a duba tazarar bawul a kai a kai fiye da da.